Filtar yashi ta ful a tafkin kifi: na wanke ta fes, kifi sun taso sama

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara cikin gaggawa. Ina da tafkin kifi na siminti a bayan gida, yana cin ruwa wajen lita 8,000, kifin ado da ake kira koi guda 14 ne a ciki. Wata biyar ke nan da na samu filtar yashi ta hannu, irin wadda ake haɗa wa suwimin ful, mai kama da randa, da mariƙi a samanta da ake juyawa. Faɗinta santimita 60, injin tura ruwan kuma mai ƙarfin doki ɗaya ne. Da farko ruwa garau, har ƙasan tafkin kana gani. Daga baya ruwan da ke dawowa ya rage ƙarfi, allurar geji, wato ma'aunin matsin ruwa a filtar, ta tashi daga 10 zuwa 22. In na yi bakwash, wato na juya ruwa ya bi baya ya wanke yashin, sai ta sauka, bayan kwana biyu ta koma. Kwana shida da suka wuce na ce bari in yi mata wankan gaske. Da na buɗe murfi wani wari ya buge ni kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na zura tiyo na ruwan famfo, na zuba bilic kofi guda, na bar ta ta kwana, da safe na ɗauraye sosai na kunna. Yau da asuba na tarar da kifin sun taru wurin da ruwa ke zubowa suna ta buɗe baki, biyu kuma sun kwanta a ƙasa sun matse jiki. Ruwan kuwa tas yake. Me na yi?

Malama Mai Lab: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ka daina ba su abinci daga yanzu, ba abin da zai same su in sun yi kwana uku ko huɗu ba su ci ba. In kana da injin iska ka kunna shi. Sannan ka auna amoniya da naitirayit da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ka kawo mana lambobin. Kana da kayan awo?

Sabon Shiga: Ina da na ɗigawa, Malama, amma rabona da shi tun ina sabon haƙa tafkin. Bari in duba.

Tsohon Fulamba: Yaro, gyaran gangar Auzinawa ka yi. Na fi shekara ashirin ina kula da irin waɗannan filtoci a wuraren ninƙaya, bari in gaya maka inda gizo ke saƙar. An ƙera wannan randar ne domin ruwan da kulorin ya riga ya kashe komai a cikinsa. Aikinta ta tare ƙura da gashi da ɗan ganye, shi ke nan. Yashin cikinta ƙwayarsa ba ta wuce rabin milimita ba, yana kama datti mai ƙanƙantar maikiron 20 zuwa 40 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya). A ful sai ka yi sati biyu ba ka taɓa ta ba. To kai ka kawo ta inda kifi 14 ke kashi dare da rana, ga ragowar abinci, ga gansakuka, kuma ba kulorin. Yauƙi ne ke toho a jikin yashin yana manne shi, har ya zama dunƙule-dunƙule kamar taɓon da ya fara bushewa. Bakwash ba ya iya ɗaga shi, sai dai ruwan ya huda hanya ɗaya ko biyu ya wuce. Sauran wurin ba iska, shi ne warin ƙwan da ka ji. Ruwa ba ya tsami banza.

Sabon Shiga: Baba, to ai shi ya sa na sa bilic, don ya kashe yauƙin. Ga awon, Malama: amoniya 1, naitirayit 0.5, pH 8.

Malama Mai Lab: To ga amsarka nan. Yauƙin da ka kashe ba duka ne abokin gaba ba. Kifi yana fitar da amoniya, yawancinta ta wurin jan naman nan da yake numfashi da shi a gefen kai. Akwai bakteriya da ke zama a jikin yashi da bango da cikin fayif, wasu su mayar da amoniya naitirayit, wasu su mayar da naitirayit naitiret, wanda shi ba ya cutarwa sai ya taru da yawa. A tsarinka ba ka da wani gidan bakteriya in ba wannan randar ba, ka ga kenan ka hallaka ma'aikatanka a dare ɗaya. 'Yan kaɗan da suka rage a jikin bango su ne ke ta fama yanzu. Kuma haske ko tsabtar ruwa a ido ba ya nuna komai, amoniya ba ta da launi.

Abin da ya fi damuna shi ne pH 8 ɗin nan. Amoniya tana ƙara dafi in pH ya hau, haka in ruwa ya yi ɗumi. Shi kuma naitirayit yana shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin, jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, shi ya sa kake ganin suna haki alhali akwai iska a ruwan. Ka canja kashi 25 cikin 100 na ruwan yau, gobe ma haka, da ruwan da ka cire wa kulorin. Sannan ka sa gishiri zalla wanda ba a haɗa shi da komai ba, giram 1 a kowace lita, wato kilo 8 a tafkinka. Ka narkar a bokiti, ka zuba kashi-kashi cikin yini, kar ka juye a lokaci ɗaya. Gishirin yana tare wa naitirayit hanyar shiga jikin kifi. Ka riƙa lissafi, domin gishiri ba ya bin tururi ya fita, sai ruwan da ka zubar ne ke tafiya da shi.

Mai Tarwada: Ni fa abin nan yana ba ni dariya. Tarwadata ba su san wata filta ba, in ruwa ya yi datti in buɗe in zubar in sake tarawa. Wahalar da kanku kawai kuke yi.

Hajiya Mai Koi: Malam, tarwada tana iya tasowa ta shaƙi iskar sama, Allah ya hore mata wannan. Koi ba shi da wannan gatan. Kuma kai ba kallon kifinka kake yi ba, mu kuwa don kallo muka ajiye. Hanyar jirgi daban ta mota daban.

Ɗan Gwaji: Gaskiya ɗaya ce, yayana: kwashe yashin nan ka zubar. Yashi ba na tafkin kifi ba ne, duk wanda ya ce maka zai yi aiki yaudararka yake. Na sha wannan wahalar shekara guda cur. Na kwashe nawa na zuba 'yan robobin nan masu kama da ƙaramar taya da ake kira K1, wajen rabin randar. Ba sa dunƙulewa, ruwa na ratsa su, bakteriya na samun wurin zama. Na haɗa bulowa ta iska a gindi, in zan wanke sai in kashe injin ruwa, in rage ruwan randar, in kunna bulowa minti biyu su yi ta tafasa kamar ana dama su, sannan in yi bakwash. Baƙin ruwan da ke fita sai ka rantse ba daga tafkinka ya fito ba.

Hajiya Mai Koi: Ɗana, sassauta. "Yaudara" ta yi nauyi. Shekara shida ke nan ina amfani da yashi, kuma koi ɗina ƙalau suke. Abin da mutane ba su gane ba shi ne matsayin da za a ba ta. Ni ruwana daga magudanar ƙasa yake fara shiga wani kwami inda kashi mai nauyi ke kwantawa, ya ratsa burushi, ya shiga ɗakin bakteriya mai iska, sai a ƙarshe wani kaso ya bi ta yashi. Ita aikinta goge ruwa ne kawai, ta kama ƙurar da ta fi ƙarfin sauran. Hasken da yashi ke ba ruwa robobinka ba za su taɓa bayarwa ba, ka faɗi gaskiya.

Ɗan Gwaji: Wannan kam haka ne Hajiya, nawa bai kai na yashi haske ba. Amma sau nawa kike bakwash?

Hajiya Mai Koi: Duk kwana biyu lokacin zafi, in sanyi ya shigo suka rage ci sai ya koma sau ɗaya ko biyu a sati. Sannan duk wata ina buɗe murfi in naɗe hannun riga in zura hannu har gwiwa in murmushe yashin. Ana jin dunƙulen a hannu, kamar sukarin da ya sha danshi. In farfasa su, in rufe, in yi bakwash sau biyu a jere. Ba aikin ƙyanƙyami ba ne, amma minti ashirin ya isa.

Ɗan Gwaji: To kin ga ai kin zama ma'aikaciyar filta kenan, maimakon ita ta yi miki aiki.

Admin: Ɗan Gwaji, a riƙa tauna magana. Hajiya ta haife ka. A ci gaba, amma a tuna mai tambaya kifinsa na cikin wani hali.

Ɗan Gwaji: Tuba nake Hajiya, wasa ne. Kuma don kar a ce na ɓoye nawa abin kunyar: ranar da na fara bakwash da robobin ban sa raga a bakin sama ba. Su kuwa suna yawo a saman ruwa ne, ba kamar yashi ba. Kafin in kai hannu ga makunni rabinsu sun bi fayif ɗin zubarwa sun watsu a tsakar gida. Kwana biyu ina tsintar su a cikin ciyawa. Duk wanda zai yi wannan canjin ya tare kowace mafita da raga ko fayif mai tsaga-tsaga.

Sabon Shiga: Na canja ruwan kamar yadda Malama ta ce, gishiri na zuba rabi. Ɗaya daga cikin biyun da suka kwanta ya tashi. Baba Fulamba, ina jin ma bakwash ɗin nawa ba daidai nake yi ba. Ni dai ina juya mariƙin ne in jira minti ɗaya in mayar.

Tsohon Fulamba: Kana juyawa inji na aiki?

Sabon Shiga: Eh, Baba.

Tsohon Fulamba: Inna lillahi. Kar ka sake. A cikin kan bawul ɗin akwai wata roba mai rassa kamar saƙar gizo, ita ke raba hanyoyin ruwa. In ka juya mariƙi ruwa na da ƙarfi sai ta tsinke ko ta fita daga gurbinta. Alamar ita ce ka ga ruwa na ɗiga ta fayif ɗin zubarwa alhali kana kan tacewa, tafki na raguwa kana neman inda ya tsage. Je ka duba bakin fayif ɗin yanzu.

Ga yadda ake yi. Ka kashe inji. Ka buɗe kwandon da ke gaban injin ka zazzage shi, don in ya cika ƙarfin bakwash ɗin ma ba zai kai ba. Ka danna mariƙi ƙasa sosai ka juya shi zuwa bakwash, kuma ka riƙa juyawa ɓangare ɗaya kullum. Ka kunna. Akwai 'yar kwalba a gefen bawul, ka zuba mata ido: ruwan zai fara da haske, ya yi baƙi, ya dawo haske, yawanci minti biyu zuwa uku. Ka kashe. Ka juya zuwa rins, wato ɗauraya, ka kunna daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya. Wannan shi mutane ke tsallakewa, sai su ga gajimaren datti ya faɗo cikin tafki. Rins yana kwantar da yashi ya kuma fitar da dattin da ya rage a hanya. Ka kashe, ka mayar kan tacewa, ka kunna, ka buɗe ɗan bawul ɗin iska na sama har ruwa ya tsarto. Sai ka duba geji ka rubuta lambar da alƙalamin maka a jikin randar. Ita ce lambar tsabta.

A ful ƙa'ida ita ce a wanke in allura ta haura lambar tsabta da 8 zuwa 10 a ma'aunin psi. A tafkin kifi ni ban yarda a jira haka ba, in ta ƙaru da 4 ko 5 a wanke. Dattin ful yana zaune ne kawai, na kifi ruɓewa yake yi.

Malama Mai Lab: Ƙari a kan na Baba, don kar wani ya ji tsoron bakwash saboda abin da na faɗa ɗazu. Bakwash da ruwan tafkin kansa ake yi, inji ne ke jawo shi, ba kulorin a ciki. Bakteriyar suna manne da ƙarfi, kaɗan ne ke tafiya. Abin da ke kashe su shi ne ruwan famfo mai kulorin, da sabulu, da bilic, da bushewa, da rashin iska. Amma ka yi lissafin ruwan da ke fita: inji irin naka zai iya tura lita 10,000 ko fiye a awa, ka ga minti uku ya kai lita 500. Wannan canjin ruwa ne mai kyau a kyauta, muddin wanda za ka mayar ka cire masa kulorin. Kulorin zalla yana fita in ruwa ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe, musamman da iska. Amma wasu hukumomin ruwa kuloramin suke sawa, wato kulorin da aka haɗa da amoniya, shi ba ya fita da ajiya, sai da maganin da aka rubuta cewa yana warware shi, kuma in ya warware yana barin 'yar amoniya.

Tsohon Fulamba: Sai kuma karatun geji, don yana yin ƙarya in ba ka san harshensa ba. Allura sama, ruwa kaɗan: filta ta toshe. Allura ƙasa, ruwa kaɗan: matsalar kafin inji take, kwando ne ko fankar ciki ko iska na shiga ta murfi. Amma wadda ta fi haɗari ita ce allurar da ta daɗe a sama, rana ɗaya ta sauko da kanta ba ka wanke ba. Kar ka yi murna. Ruwa ne ya huda rami a cikin yashin yana wucewa ba tacewa. In kuma ka kashe inji allura ba ta koma sifili ba, gejin ne ya mutu, canja shi.

Maman Biyu: Ina bin ku a hankali. Ni tawa mai katirij ce, farar takardar nan mai ninki-ninki. Kullum sai na ciro na wanke. Haka abin yake ko ni ce ban iya ba?

Tsohon Fulamba: Haka yake, 'yata. Katirij ya fi yashi ƙanƙantar ƙofa, wajen maikiron 10 zuwa 20, don haka ya fi saurin toshewa. Ki samu biyu ki riƙa musanyawa. Wanda kika ciro ki fesa masa ruwa daga sama zuwa ƙasa, ninki bayan ninki, ba da injin wanki mai tsananin ƙarfi ba don yana yaga shi. Tunda ba a kansa bakteriyarki za su dogara ba, ruwan famfo ba laifi, sai dai ki bari ya tsane. Kar ki jiƙa shi a ruwan wankin filtar ful. Filta mai garin nan fari da ake kira DE kuwa kar ma wanda ya kawo ta kusa da kifi, awa kaɗan za ta toshe. Robar murfi kuma ki shafa mata giris na silikon, ban da basilin, yana kumbura roba.

Hajiya Mai Koi: Abu ɗaya da ba a taɓo ba, kuma shi ya taɓa ci mini kifi uku. Wuta ta ɗauke tun dare, inji ya tsaya har wajen azahar. Da ta dawo inji ya tashi da kansa, ya tura ruwan da ya kwana a rufe cikin randa kai tsaye zuwa tafki. Randa a rufe take ruf, bakteriya na shanye iskar ciki cikin ɗan lokaci, daga nan sai ruɓa. Tun ranar, in dai ta yi awanni a tsaye sai na yi bakwash da rins kafin in mayar da ita kan tafki. Kuma wannan ne dalilin da ba a kashe ta da dare don ragin wuta kamar yadda masu ful ke yi.

Ɗan Gwaji: Wutar ma abin dubawa ce. Doki ɗaya wajen wat 750 ne, a awa 24 ya kama yunit 18 kullum. Ni da na koma robobi sai na sa ƙaramin inji, tunda ba ya buƙatar ƙarfin tura ruwa ta cikin yashi.

Tsohon Fulamba: Da robobi da bulowa, eh. Amma mai yashi kar ya kwaikwaye ka. Ƙaramin inji ba zai iya ɗaga yashi fiye da kilo 100 a bakwash ba, garin neman gira a rasa ido.

Sabon Shiga: Baba, na duba, fayif ɗin zubarwa na ɗiga kuwa. Kuma na ga yashi ɗan kaɗan a ƙasan tafki daidai inda ruwa ke faɗowa. Sannan tambaya: yashin da na samu a cikinta tun daga ful ɗin mai ita ne, ban canja ba.

Tsohon Fulamba: To uku ke nan. Robar bawul ta tafi. Yashi a tafki kuma alamar ɗaya daga cikin yatsun ƙasa ya tsage, 'yan fayif ɗin nan masu tsaga da ke shimfiɗe a gindin randa kamar haƙarƙarin laima. Wataƙila ma da tiyo ko sanda ka fasa shi ranar wankan. Tsohon yashin ful kuwa tun farko bai kamata ya ga kifi ba, ba ka san irin magungunan da ya sha ba, wasu magungunan gansakuka na ful akwai tagulla a ciki, guba ce ga kifi. Dole ka kwashe. In za ka buɗe, kashe inji, saki iska ta sama tukuna, randa mai firesha ba abin wasa ba ce. In sabon yashi za ka zuba, cika randar da ruwa zuwa rabi don kar nauyinsa ya karya yatsun, toshe bakin fayif na tsakiya da leda, rufe hancinka saboda ƙurar, kuma kar ya wuce kashi biyu cikin uku na randar. Kafin ka haɗa da tafki yi bakwash da rins.

Malama Mai Lab: Amma ba yau ba, don Allah. Juya bawul zuwa inda ruwa ke zagayawa ba tare da ya shiga randa ba, iska ta ci gaba da aiki. Ka nemi wani mai tafki lafiyayye ya ba ka ɗan soso ko robobi daga filtarsa, ka kawo su a jiƙe cikin ruwan tafkinsa, ka sa a kwando inda ruwa ke gudu. Sabuwar filta kan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin ta kama, wannan zai rage maka. Awo kullum, abinci ɗan mitsitsi sai amoniya da naitirayit sun koma sifili.

Sabon Shiga: Bayan kwana tara, ga inda ake. Na rasa ɗaya, babbar fara mai jan tabo a ka, wadda na fi so. Sauran 13 suna ci. Amoniya sifili, naitirayit 0.25. Na kwashe yashin, ƙasansa baƙi ƙirin kamar gawayi, sai da na farfasa shi da cokalin magini. Yatsu biyu ne suka tsage, ba ɗaya ba. Na yanke shawarar bin tsarin Hajiya, na samu duro biyu, ɗaya na kwantar da kashi ɗaya na bakteriya, yashi ya zo ƙarshe. Sai dai tunda randar ta tsaya ruwan ya fara yin kore.

Ɗan Gwaji: Allah ya mayar da alheri. Koren nan ko yashin ya dawo ba zai kama shi duka ba, ƙwayoyinsa sun yi ƙanƙanta. Fitilar UV, mai hasken da ke kashe ƙwayoyin koren, za ka sa bayan filta, ƙwan a canja shi duk shekara ko da yana ci, kuma kar ka kalle shi a kunne. Amma ni har yanzu ina nan kan bakana, nan da wata shida za ka zo neman robobi.

Malama Mai Lab: Fitilar ta jira sai naitirayit ya sauka. Koren ba ya cutar da su, yana ma shan amoniya, iska dai kar ta tsaya da dare.

Hajiya Mai Koi: Duron farko ka sa masa bawul a gindi, babba, inci biyu, don ka riƙa zubar da kashin kowace safiya. Turo hoton yadda ka jera su kafin ka sa gam.